In Ya Karanta, Me Kake So Ya Yi?

Mahaifina marubucin wasiƙa ne. Ya yi shekaru yana zama a gindin wata darbejiya kusa da gidan waya na garinmu, can ƙasar Gumel, da ɗan teburinsa, da biro biyu, da kwalin ambulan, da takardar kabon da ta sha aiki har ta koɗe. Ranar kasuwa layi ake yi a gabansa: tsofaffin da 'ya'yansu ke Legas, matan sojoji, da waɗanda 'yan'uwansu suka tafi ci-rani Kurmi suka yi shiru. Mai son ajami a rubuta masa da ajami, wanda ɗansa ya yi boko a rubuta masa da boko. Ni kuma ina gefe ina lasar kan sarki ina mannawa, ladana ƙosai.

Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, a hankali layin ya riƙa raguwa har ya watse. Baba ya naɗe teburinsa ya koma gona. Ni na tafi Kano na yi difloma, na koyi kwamfuta a irin shagunan nan da ake sayen awa guda, rabinta ta ƙare ana jiran shafin Yahoo ya buɗe. A zuciyata na riga na yanke cewa sana'ar Baba ta bi zamaninta, kuma babu abin da zan ɗauka daga cikinta.

Aikina na farko na gaske a kasuwar Dawanau na same shi, wurin wani Alhaji da ya daɗe yana dillancin hatsi, daga baya ya shiga harkar riɗi. Yana saye daga Maigatari da Malam Madori da sauran kasuwannin Jigawa, a rairaye, a tsaftace, a zuba a buhu, ya sayar wa masu fitarwa waje. Sai ya ga su ne ke kwashe romon, ya ce shi ma zai fara fitarwa da kansa. Ya yi rajistar kamfani, ya karɓo takardar hukumar bunƙasa fitar da kaya, ya sayi kwamfuta, ya ajiye ni a gabanta. Alhaji ba ya karanta Turanci, amma kafin ka gama danna kalkuleta ya gaya maka amsa. "Ɗan boko" yake kirana, har yau.

Wata biyu na farko na aika imel sun kusa arba'in zuwa kamfanonin Turkiyya da Indiya da Japan. Ko ɗaya ba a amsa ba.

Bari in faɗa muku yadda suke, don na san wani zai ga kansa a ciki. Adireshin da nake aikawa da shi tun ina ɗalibi na buɗe shi, akwai laƙabina na 'yan ƙwallo a ciki da shekarar haihuwata. A gurbin take sai in rubuta "Gaisuwa" ko "Gaggawa", da manyan baƙaƙe. Sannan in fara da irin Turancin da aka koya mana a sakandare, na "ina mai farin cikin ɗaukar alƙalamina na zinare". In yabi kamfanin mutum, in yi wa iyalinsa fatan alheri, in ba shi tarihin Alhaji tun daga kakansa, in rantse masa cewa mu masu amana ne masu tsoron Allah. Riɗin da ake magana a kai sai can ƙasa yake leƙowa.

Wani ejan ɗinmu na tashar jirgin ruwa a Legas ne ya fara buɗe mini ido. Na tura masa guda don ya gani, sai ya kira ni yana dariya, ya ce ai wannan sak wasiƙar 'yan damfara ce. Duniya ta san lambar nan 419, wadda asalinta sashe ne na dokar laifuka ta Najeriya da ya shafi karɓar dukiya ta hanyar yaudara, kuma wasiƙun da suka jawo mana wannan suna haka suke: yabo mai yawa, rantsuwa da amana, manyan baƙaƙe, da "gaggawa". Na'urar tace saƙonni ma ta san kamanninsu, tana jefa su kwandon shara kafin idon mutum ya kai kansu. Wato ni da nake ƙoƙarin nuna mutunci, rigar ɓarayi na saka ban sani ba. Abin ya yi mini ciwo, amma na sa Alhaji ya biya aka buɗe mana adireshi da sunan kamfani, na daina manyan baƙaƙe. Sauran halin kuwa yana nan.

Sai ga amsa daga wani ɗan kasuwa a Mersin, garin tashar jirgin ruwa a kudancin Turkiyya. Turkawa masu cin riɗi ne na gaske, suna niƙa shi su yi tahin, suna barbaɗa shi a kan burodinsu mai kamar zobe da ake sayarwa a bakin titi. Saƙonsa layi uku ne: yana son kwantena biyu na farin riɗi, a gaya masa farashi da inganci da lokacin lodi. Na ruga na gaya wa Alhaji. Ya ce in rubuta masa dala kaza kowace tan.

Na zauna na tsara wasiƙa mai sakin layi shida. Farashin yana cikin na huɗu. Na rubuta adadin daidai yadda Alhaji ya faɗa, ban ƙara ban rage ba. Abin da ban rubuta ba shi ne: farashin nan a ina?

A bakin Alhaji, farashi yana nufin kaya a ƙofar sito a Dawanau, domin haka ya saba ciniki duk rayuwarsa. A kunnen mutumin Mersin, farashin da ya fito daga mai fitar da kaya a Najeriya yana nufin kaya sun hau jirgi a Legas. Tsakanin waɗannan fahimta biyu akwai tafiyar kilomita kusan dubu a tirela, da kuɗin lodi, da na ejan, da na takardu, da na tasha. 'Yan kasuwar duniya suna da gajerun alamomi da suka raba wannan gardama, ƙungiyarsu da ke Paris ta tsara su tun 1936. EXW na nufin mai saye ya zo sito ya ɗauka. FOB na nufin mai sayarwa ya ɗauki nauyi har kaya su hau jirgi. CIF na nufin har da kuɗin jirgi da inshora zuwa tashar mai saye. Baƙaƙe uku kacal. Na san su, an koya mana a makaranta, amma hankalina yana kan yadda zan burge mutum da Turanci.

Mutumin Mersin ya amsa da cewa ya yarda, ya ƙara da "FOB Legas" a cikin layinsa na biyu. Na ga kalmar yarda, murna ta ɗebe ni, ban tsaya karanta sauran ba. Na mayar masa da godiya mai tsawo, wadda a idon duk mai karatu amincewa ce. Ya turo kafin alƙalami. Sai da aka zo maganar motar da za ta kai kaya Legas gaskiya ta fito.

Alhaji bai yi mini tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sa na karanta masa saƙonnin ɗaya bayan ɗaya ina fassarawa. Da na gama ya yi shiru, ya ce, "Magana zarar bunu ce. Tunda da sunana ta fita, za a kai masa kayansa." Ribar kwantena biyun nan duka ta tafi a hanya, har ya ciko daga aljihunsa. Ya ba ni hutun kwana uku, ya ce in je in gaida mahaifina. Na ɗauka korar kenan cikin ladabi.

A gida, bayan sallar isha'i, ina zaune da Baba a ƙofar zaure na ba shi labari. Ya ce in karanto masa wasiƙar da Hausa. Na buɗe waya na fara. Ina sakin layi na biyu ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Har yanzu gaisuwa kake yi?"

Na ce e, Baba, ai girmamawa ce.

Ya ce, "Wa ya ce maka? Ka manta yadda nake rubutawa? Takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka. Layi nawa ka ƙirga kafin bayan haka?"

Na ce biyu.

"To. Kai kuma ka cika shafi ba ka iso ba. Wannan ba gaisuwa ba ce, tsoro ne. Mai jin tsoron faɗin abin da ya kawo shi, shi ne ke ta kewaye-kewaye a bakin ƙofa."

Daga nan ya tuna mini abin da na gani sau ɗaruruwa ina yaro ban taɓa lura ba. Tsohuwa za ta zauna a gabansa ta yi rabin awa tana magana: ciwon ƙafarta, akuyar da ta mutu, surukar da ba ta gaishe ta, katangar da ruwa ya ci. Baba ba ya taɓa biro. Sai ta numfasa ya ce, "To Inna, in ya karanta, me kike so ya yi?" Sai ta ce ya aiko da kuɗin iri. "Nawa?" Ta faɗa. "Kafin yaushe?" Kafin ruwan farko. "Ta hannun wa?" Direban motar Juma'a. A nan ne yake fara rubutu, kuma waɗannan huɗun su ke biyo bayan "bayan haka". Akuya da katanga su zo daga baya in takarda ta rage. Ya ce yaron da ke Legas a tsaye zai karanta, ƙila a bakin aiki, ƙila ma wani ne zai karanta masa. In ka ɓoye buƙata a tsakiyar labari, zai ji tausayi ya ninke takardar ya sa a aljihu, kuɗin iri ba zai zo ba.

A daren nan na fahimci cewa dogon surutun da nake ɗora wa al'adarmu ba nata ba ne. Wasiƙar Hausa ta asali tana da gaisuwa ƙayyadadda da ƙofa ɗaya da ake shiga magana ta cikinta. Abin da na riƙa yi gauraye ne na Turancin jarrabawa da rawar jikin wanda yake ganin kansa ƙarami a gaban Bature.

Alhaji bai kore ni ba. Da na dawo, kafin in taɓa kwamfuta sai in ɗauki takarda in amsa tambayar Baba da Hausa, a jimla ɗaya. In na kasa, to ban shirya rubutu ba, sai in koma wurin Alhaji in sake tambaya. Sau da yawa a nan nake gano cewa shi ma bai gama yanke shawara ba. Tayin da na aika wa mutumin Mersin a kaka ta gaba, in na mayar da shi Hausa, kusan haka yake. Take: Tayin farin riɗi, kwantena 2, FOB Legas. Ciki kuma: gaisuwa layi ɗaya. Muna da farin riɗi na bana tan 38, kwantena biyu masu ƙafa 20, kowace tan 19, a buhu mai kilo 50. Tsafta kashi 99 cikin ɗari, danshi bai wuce kashi 6 ba. Farashi dala kaza kowace tan, FOB Legas. Wannan farashi yana nan har ranar kaza, ƙarfe biyar na yamma agogon Najeriya. In ka amince, ka amsa wannan saƙo, mu aiko da takardar yarjejeniya washegari. Hotunan kaya da sakamakon gwaji suna haɗe. Sai sunana, da muƙamina, da lambar waya.

Ya amsa cikin awa guda.

Maganar agogo da na sa ba ƙawa ba ce. Turkiyya tana gabanmu da awa biyu, Indiya da awa huɗu da rabi, Japan da awa takwas. "Gobe da safe" a Kano wani abu ne daban a Osaka. Haka kwanan wata. Wani dillali daga Amurka da muka yi cinikin zoɓo da shi ya taɓa rubuto mini 04/05, na karanta huɗu ga Mayu, shi kuwa biyar ga Afrilu yake nufi, don su wata suke fara sawa kafin rana. Allah ya taimake ni na tambaya. Tun daga ranar, sunan wata nake rubutawa da baƙaƙe.

Akwai kuma "in sha Allahu". Ba na cire ta, kuma ba zan cire ba, musamman ga abokan cinikinmu Musulmi. Amma mu kanmu mun san yadda muka mayar da ita mafaka: in mutum ba ya son ya ce a'a, sai ya ce in sha Allahu mako mai zuwa. Yanzu in na rubuta ta, rana da wata suna biye da ita.

Wani abin da na koya da wuya shi ne tambaya uku a saƙo ɗaya amsa ɗaya take samu, galibi ta ƙarshe ko mafi sauƙi. In batutuwan ba su da alaƙa, kowanne saƙonsa da takensa, don wata shida nan gaba in ana neman maganar kuɗin inshora ba za a tono ta a ƙarƙashin taken "Barka da Sallah" ba. In dole su zo tare, sai in sa musu lamba, ɗaya, biyu, uku, mutum ya bi su yana amsawa.

Gurbin nan na Cc kuwa, inda ake sa adireshin wanda ake son shi ma ya samu kwafin imel, ranar da na gano ma'anarsa dariya na yi ni kaɗai: kwafin kabon ne, irin takardar da Baba ke sakawa tsakanin shafi biyu don mai wasiƙa ya riƙe nasa. Bambancin kawai, duk wanda ka sa a nan kowa yana ganinsa. Na taɓa aika sanarwar sabon kaya ga masu sayenmu su goma sha ɗaya, duka a Cc. Cikin minti ɗaya na miƙa wa kowannensu jerin abokan hamayyarsa, kuma biyu daga ciki gari ɗaya suke. Gurbin Bcc da ke ɓoye sunaye yana nan ƙasa kaɗan, ban duba ba. Yanzu adireshi shi ne abu na ƙarshe da nake sawa, bayan na karanta saƙon sau biyu na tabbatar takardar da na ce na haɗa tana haɗe. Na kuma sa Gmail ya riƙa jinkirta fitar saƙo da daƙiƙa 30, iyakar abin da yake bayarwa kenan, kuma ya cece ni ya fi a ƙirga.

Amma wasiƙar da ta fi ba ni wahala a rayuwata ba ta ciniki ba ce, ta mummunan labari ce. A 2018, lokacin da cunkoson hanyar tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas ya kai intaha, tireloli suna kwana da kwanaki a kan gada kafin su shiga tasha, motarmu ɗauke da kayan mutumin Mersin ta maƙale a layi. Jirgin da aka yi mana rajista zai tashi, kuma a fili yake ba za mu same shi ba. Alhaji ya ce in rubuta cewa kaya suna hanya. Ba ƙarya ba ce, a hanya suke. Irin amsar kasuwa ce da ake sayen lokaci da ita, kuma kowa ya san ta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ya karanta wannan, me muke so ya yi?"

Ya dube ni. Ya ce ya yi haƙuri mana.

Na ce ai ba zai san akwai abin haƙuri ba sai ranar da jirgi ya iso babu kayansa. Shi ma yana da masu niƙa da ya yi wa alkawari. In ya sani yau, zai iya neman wani riɗin ya toshe, ko ya ɗaga musu rana. In ya sani bayan sati uku, mun ƙone shi a gaban mutanensa.

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Rubuta. Amma kada ka yi kuka a ciki."

Na rubuta layi biyar. Kayanka ba za su samu jirgin ranar kaza ba. Dalili: motar tana layin shiga tasha tun ranar kaza, ga hoton inda take. Mun nemi gurbi a jirgi na gaba, mai tashi ranar kaza. Kuɗin jinkirin mota a kanmu yake. Ka gaya mana kafin Alhamis ko ka amince da sabuwar ranar, ko kana son wani tsari. Ban haƙuri sau ɗaya na rubuta shi. Da a da ne, da na yi shafi guda ina zagin gwamnati da direbobi da ruwan sama.

Amsarsa ta zo da zafi, ba zan ɓoye ba. Akwai jimla biyu a ciki da suka sa kunnena ya yi zafi, har na buga martani nan take mai cike da kare kai. Ban aika ba. Na bar shi na je na yi sallar la'asar, na sha shayi a wurin mai shayin bakin sito, na dawo na goge. Da na sake karanta saƙonsa da sanyin rai, sai na ga a ƙasan faɗan ya amince da sabuwar ranar. Ita kaɗai na amsa. Har yau muna ciniki da shi, kuma shi ya haɗa mu da wasu biyu a garinsu.

Akwai ranar da wannan sabon hali ya tsare mu daga asarar da ta fi ta farko. Saƙo ya iso wa mutumin Mersin da sunana, yana cewa mun canza asusun banki, a tura ragowar kuɗi wani wuri. Adireshin ya yi kama da namu, harafi ɗaya aka sauya. Bai tura ba, ya kira waya. Da na tambaye shi yadda ya gane, sai ya ce saƙon ya cika yabo da rantsuwa, kuma ni na daɗe da daina rubutu haka.

Baba ya rasu shekaru kaɗan bayan wannan. A cikin akwatinsa na samu kwafin kabon na wasu wasiƙu da masu su ba su karɓa ba, shuɗin rubutun ya dusashe amma ana karantawa. Na ɗauki ɗaya na sa a aljihun teburina a ofis. Ta wata mata ce zuwa ga ɗanta a Fatakwal. Gaisuwa layi biyu, bayan haka, kuɗin rufin ɗaki, adadi, kafin watan azumi, ta hannun ƙaninsa. A can ƙasa, inda takarda ta rage, an ƙara cewa tinkiyarsa ta haihu biyu.

Yanzu akwai wani yaro da Alhaji ya ɗauko yana koyon aiki a hannuna, ɗan ƙanwarsa ne, ya gama digiri. Makon jiya ya kawo mini tayin da ya tsara wa wani kamfani a Indiya, shafi ɗaya da rabi. Na miƙa masa takarda da biro na ce ya rubuta mini da Hausa, a jimla ɗaya, abin da yake so mutumin ya yi. Ya yi minti goma yana tauna biro. Alhaji yana daga kan tabarmarsa yana jinmu, sai ya ɗago ya ce, "Ɗan boko, in kun gama yanke-yanken naku, a dai bar mini wurin da za a gaishe shi da iyali." Na ce an bari, ranka ya daɗe, yana layin ƙarshe.